Jan Injin Baba Yohanna

Ku ajiye wayoyin nan ku zauna. Kai Ishaku, ɗana ne kai, amma ba wanda ya gaya maka shagon nan ya zama naka tukuna. Kai kuma Habila, ƙanena ya kawo ka ka koyi gyaran injin ban ruwa ne, ba korar mutane ba. Na leƙa Maiyama da sassafe ɗauko kaya, kafin in dawo har kun sallami mutum. Ga shi can gindin dalbejiya wajen mai shayi, ya kasa tafiya, ya kasa dawowa. Na san shi sarai. Nasiru ne, ɗan Arzika na Sabiyal. Injinsa ya mutu, albasarsa ta fara kai tana tsaye a fangali babu ruwa, ya zo aron Jan Inji, kun ce masa ya lalace. Jan Inji bai lalace ba, ni da hannuna na sa masa sabon fulogi shekaranjiya. Kun yi ƙarya a bakin shagona don kun ji abin da ubansa ya yi mini. To, rabin labarin kuka ji, shi ma daga bakin Saratu, uwar Ishaku. Yau za ku ji shi daga bakin mai shi, sannan mu san yadda za a yi da mutumin can kafin rana ta take.

Ku a ganinku sana'ar nan ba komai ba ce. A kwance noti, a hura kafireta, a leƙa waya a ga yadda wani ya yi, a miƙa hannu. Aikin farko da aka ba ni a wurin nan wankin noti ne. Na zo daga ƙasar Zuru ina saurayi, aka damƙa ni a hannun Baba Yohanna, mutumin ƙauyenmu, wanda yana cikin waɗanda suka fara gyaran inji a Jega tun manoma da yawa suna ban ruwa da jigo. Ya ba ni tasa da kananzir da tsohon buroshin goge baki. Rani ya wuce, damina ta wuce, ban taɓa sifana ba sai in zan miƙa masa. In ya ce mai lamba goma na miƙa mai sha biyu, ba ya zagi. Sai ya ajiye ta a ƙasa ya naɗe hannu yana jira, mai inji yana kallona. Na gwammace ya mare ni.

Kayan aikinsa duka ba su cika jakar buhu ba. Sifanu, filaya, sukundireba, 'yar guduma, da silin waya da ya zaro daga birkin keke yana zira wa kafireta a hanci. Sauran aikin kunnensa ke yi. Manomi zai sauke inji daga kan jaki, Baba ya ce ja igiya, ya karkata kai ya saurara, ya ce akwai ruwa a cikin mai, ko ya ce ringi ya gaji. A buɗe a tarar haka ne. Shi ya koya mini in tara tafin hannu a bakin salansa in shinshina hayaƙi. Shi ya koya mini karatun fulogi, baƙi me yake nufi, fari me yake nufi. Shi ya koya mini ba a tayar da inji sai an ɗura masa ruwa a kai, in ba haka ba sil, robar da ke tare ruwa, ya ƙone kafin ka ƙifta ido. Kuma duk abin da ka cire daga injin mutum, ko ɗan zoben gindin noti ne da ya tsage, ka ƙulle shi a leda ka danƙa masa a hannu. Yakan ce makanike ba shi da gona, ba shi da shanu, suna kaɗai gare shi. Kai Habila, jiya na ga tsohon fistin ɗin mutumin Aliero a cikin shararmu, za mu yi wannan maganar daga baya.

Jan Inji kuwa a kusurwar da yake yanzu na tarar da shi. Ɗan Japan ne na asali, irin wanda ba a kawowa yanzu. Baba ya saye shi sabo fil da ribar farko da shagon nan ya yi, bai taɓa noma da shi ba, bai taɓa ba da shi haya ba. Duk manomin da injinsa ya mutu alhali yana da shuka a tsaye, ya zo ya ɗauka har a gyara masa nasa. Ba a biyan komai, ba a kawo mai tsaya maka. Ba a tambayarka na coci ne kai ko na masallaci, ba a kuma tambayar ko kai mutumin kirki ne. Wanda ya fara zuwa shi ke ɗauka. Ku ba manoma ba ne, bari in gaya muku dalili. Albasa ba gero ba ce. Gero yana jure ƙishi. Albasa in ta fara kai, zafi ya sauko, ta yi 'yan kwanaki ba ruwa, lawashi ya kwanta, to ko gulbi ka juye mata daga baya abin da za ka tono bai fi tafarnuwa ba. Kuma a wannan albasar mutum zai ciyar da gida, ya yi wa iyali sutura, ya sayi takin damina.

Wata rana wani manomin Jiga Makera ya dawo da injin, da kwandon albasa ɗaure a bayan keke. Baba ya karɓi inji, ya ce ya koma da kwandonsa. Mutumin ya yi ta magiya, ya ce kunya za ta hana shi sake zuwa. Baba ya ƙi. Da ya tafi na kasa haƙuri, don ranar ko albasar miya babu a gidan.

Na ce, "Baba, ai shi ya kawo da kansa, ba roƙonsa muka yi ba."

Ya ce, "Bitrus, ka san biki?"

Na ce na sani mana. Ka kai wa mutum gudummawa ranar sunan ɗansa, shi kuma ya riƙe a rai, ranar naka ya mayar maka har da ƙari.

Ya ce, "To wannan biki ne, kuma ba laifi ba ne, da shi ake zaman gari. Amma abin da Yesu ya yi mini ba biki ba ne. Ban kai masa komai ba, ko gayyatarsa ban yi ba. Lokacin da ya same ni burkutu nake sha ina dukan matata. In na karɓi kwandon nan, injin ya zama na biki. Ina so a shagon nan a samu abu ɗaya da ya yi kama da abin da aka yi mini."

Ban gane ba a lokacin, yunwa nake ji.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa suka zo mayar da shi gida. Ni na riƙe shi har tasha. Na zaci zai yi mini wasiyya a kan shago da masu kawo aiki. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sifanu naka ne. Jan Inji ba naka ba ne, ajiya ce." Aka rufe mota, bai sake dawowa Jega ba.

Masu kawo aiki iri-iri ne, kuma kowanne sai ka koye shi kamar yadda kake koyon inji. Akwai wanda zai rantse jiya lafiya ƙalau ya kashe shi, ka buɗe ka tarar ya riga ya kwance da wuƙa ya mayar da rabin kayan a juye. Akwai mai gauraya fetur da kananzir ya ce laifin fulogi ne. Kada ku ɗauka na cocinmu sun fi. Wani dattijon coci, wanda ke zama a kujerar gaba, ya zo ya ce tumatirinsa na bushewa, na ba shi Jan Inji, ashe bulo yake bugawa da shi a filinsa. Na je na ɗauko abina, ya yi wata bai amsa gaisuwata ba.

Aikin da ya haɗa ni da Malam Mani na Gehuru ƙarami ne. Injinsa yana tashi, yana kuka lafiya, amma ba ya jan ruwa. Na duba farfela, na duba sil, ba komai. Na ce mu je gonar. Na bi tiyon da ke zuƙo ruwa da tafin hannu, taku-taku, har na ji wani ɗan sanyi yana shiga. Ƙaya ce ta huda shi, ramin bai kai ƙwayar gero ba, ta nan iska ke shiga. Na yanka tsohon tif ɗin keke na ɗaure, ruwa ya ɓalle. Mani ya yi dariya har ya zauna a kan kunya, ya ce, "Kai Badakkare, ashe hannunka na da ido." Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai wannan sunan ƙabilarmu ta ƙasar Zuru. Duk ranar kasuwa a bencin nan yake zama, ya kawo fura mu sha, ya tsokane ni in tsokane shi. Da Sallah nama ya zo gidana. Da Kirsimeti shi ke yanka mana akuya don maƙwabta su iya ci. Kai Ishaku, shi ya fara ɗora ka a kan jaki.

Arzika na Sabiyal kuwa a amalanke ya kawo nasa injin, ya buga ya ƙi motsi. Na buɗe na tarar kwanrod, ƙarfen da ke tura fistin, ya narke ya kama karanshaf, ko ɗigon baƙin mai babu. Ku duba nan, kun ga 'yar wayar nan da ke fitowa daga gindin inji? Aikinta ɗaya. In baƙin mai ya yi ƙasa, ko an ajiye inji a karkace man ya gangara gefe guda, sai ta kashe shi kafin ya cinye kansa. Manomi kuwa yana sauri, ya ja igiya inji ya tashi ya mutu, ya ja ya mutu, sai wani gwani a gonar gefe ya ce masa ai wayar can ce, tsinke ta. Ya tsinke, inji ya tashi da ƙarfi, ya yi ta murna har zuwa lokacin da zai ji ƙara. Ta Arzika a tsinke take. Na sa masa sababbin kaya, na haɗa wayar, na nuna masa ita da yatsa, na ƙulle tsofaffin kayan a leda na danƙa masa.

Ba a jima ba ya sake tsinke ta, inji ya sake bugawa. Bai zo shago ba. Ya jira ranar kasuwa, ya same ni a layin 'yan albasa ina cefane, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku dubi wanga mutum da kyau. Na kai mashi inji, ya ɗebe man kayana masu kyau ya sa man ruɓaɓɓu."

Na ce, "Malam Arzika, ina ledar da na ba ka?"

Ya ce, "Wace leda?"

Akwai wanda ke zaune a shago ranar da na miƙa masa ita, kuma yana tsaye a cikin taron. Ya sunkuyar da kai ya shiga zaɓen albasa. Ɗan gari ya yi magana, baƙo ya yi magana, kun san wadda ake ɗauka. Kafin kasuwa ta tashi na zama ɓarawo daga Jega har Aliero. Bencin nan ya bushe. Na koma ɗaure jakar aiki a bayan babur ina tafiya Maiyama, inda labarin bai kai ba, ina gyaran janareta da injin niƙa a gindin itace kamar wanda ya fara jiya. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini. Mani ya ɗauko injinsa, wanda ba abin da ya same shi, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwa da shi a hankali, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce wurin Badakkare za shi. Ya sauke a nan, muka sha fura, da yamma ya ɗauki abinsa ya koma.

Sai mummunar shekara ta zo. Damina ta yi gardama, gulbi ya janye da wuri, ruwa ya yi ƙasa har tiyo ba ya kai masa. Manoma suka shiga haƙa rami suna saukar da inji a ciki don ya kusanci ruwa. Fetur ya yi wuya, sai na galan a bakin hanya, rabinsa ruwa da ƙazanta. Kayan gyara suka ɓace, ka je Birnin Kebbi babu, ka aika Sakkwato babu. Injuna suka yi layi daga nan har bakin kwata, don waɗanda suka ce ni ɓarawo ne ba su da wurin zuwa. Jan Inji bai kwana biyu a jere a shago ba, wannan ya kawo wancan ya ɗauka.

Wata safiya da hantsi, an dawo da shi ke nan ina canza masa mai, sai ga inuwar mutum a kaina. Arzika ne, da mataccen injinsa a amalanke. Sallamarsa ma a ciki ya yi ta.

Ya ce, "An ce kana da injin aro."

Na ce, "Akwai."

Ya ce, "Albasata na mutuwa."

Shi ke nan abin da ya ce. Ko haƙuri bai ba ni ba. Saratu ta kawo mini koko tana tsaye, ta ce mini da yarenmu, "In ka ba mutumin nan injin nan, kai ba mai alheri ba ne, wawa ne." Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma shi ya fara zuwa, kuma shukarsa na tsaye. Na ɗora masa injin, na haɗa masa da kwalbar baƙin mai da guntun katako. Na ce in ya saukar da shi rami ya shimfiɗa katakon ya daidaita shi, kuma ko me zai faru kada ya taɓa wayar nan. Ya ce, "Na jiya." Ya kaɗa shanunsa.

Bayan azahar sai ga Mani a bayan babur, rungume da injinsa. Bangon ramin ne ya rufto masa, kan da ke jan ruwa ya tsage gida biyu. Yana saukowa yana dariya.

"Badakkare, yau ni ma na zo bara. Ɗauko man Ja."

Na ce, "Ya fita da safe."

"Wa ka ba?"

"Arzika."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wane Arzika?"

"Na Sabiyal."

"Wanda yac ce maka ɓarawo tsakar kasuwa?"

Na ce shi. Na ce ya riga shi zuwa ne, kuma ya san dokar injin tun zamanin Baba, ba a karɓe shi a hannun mutum sai an gyara masa nasa.

Ya ce, "Ni na ɗauki inji bisa kaina saboda kai, Bitrus."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

Kada ku ce na zauna. Na kai kan injin wurin mai walda, ƙarfen bai karɓi wuta ba. Na liƙe da gam, yana ɗaukar ruwa ya sake buɗewa. Na zaga Aliero shago-shago neman ko da tsoho ne, babu. Na roƙi duk wanda na taɓa yi wa aiki ya ara masa na yini ɗaya, kowa nasa ramin yake tsaro. Na rufe shago, ni da Saratu da Mani da 'ya'yansa muka shiga ɗibar ruwa da jarka daga rami muna zubawa a fangali. Ka zuba nan, kafin ka dawo da wata jarkar ƙasa ta shanye. Tsakanin haka na farke wani tsohon inji nawa na cire kaya na tayar da na Arzika, na tsallake layin mutane don shi, na aika masa ya zo ya ɗauki nasa ya kawo Ja. A lokacin rabin gonar Mani tana da sauran rai. Bai zo ba. Na sake aikawa, aka ce ya ce gobe. Ja ya fi nasa jan ruwa, shi ya sa.

Da na gaji na ɗaura injinsa a babur na tafi Sabiyal da kaina. Gonarsa kore shar, ya gama ban ruwan ƙarshe. Jan Inji yana cikin rami a karkace, ƙafa ɗaya a kan dutse, ɗaya a laka. Katakon da na ba shi yana gefe, an ɗora tulun shan ruwa a kai. Na ja igiya ta ƙi motsi. Na duba gindi, waya a tsinke.

Arzika ya leƙo daga sama ya ce, "Injin naka ma ba shi da kirki. Sai mutuwa yake, sai da nic cire mashi waya."

Na sauke masa nasa, na ɗaura gawar Ja, na dawo. A hanya na biya ta Gehuru. Lawashi ya kwanta gaba ɗaya, Mani ya sa an saki awaki a gonar.

Shekarar albasa ta yi tsadar da ba a saba gani ba, don kowa tasa ta ƙone. Arzika ya cika rudu, rumbun ajiyar albasa, ya jira, ya sayar, ya yi wa gidansa rufin kwano. Mani ya sayar da shanun huɗarsa, ya jinginar da fadamar, ya tafi Kudu ci-rani yana tura ruwa a kura, mutum mai furfura. Da ya dawo bayan shekaru bai yi gaba da ni ba, ba irinsa ba ne. Zai biyo ta nan ranar kasuwa ya tsaya daga bakin hanya ya ce, "Malam Bitrus, ina aiki?" In ce da godiya, in matsa masa wuri a benci, ya ce sauri yake. Akuyar Kirsimeti wani mahauci na riƙa kai wa. Bara waccan ya rasu. Na je ta'aziyya Gehuru, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini ruwa, ba wanda ya faɗa mini baƙar magana. Arzika kuwa yana nan da ransa, ya tsufa, ya yi tumbi. Har yau bai tsaya gaban mutum biyu ya ce ƙarya ya yi mini ba.

Za ku ji ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni na ga ya faɗi, kuma na san gonar da ya faɗa. Wani fasto da aka taɓa kawo mana ya ji labarin, ya hau bagade ya yi misali da ni, ya ce ku dubi Bitrus, Allah zai mayar masa ninki ba ninki. Ina zaune ina jin kamar in tashi in fita. Ga shagon nan kuna gani, rufin da Baba ya bari shi ne har yau, yanzu ma sola ta zo tana cinye mana aiki. Ba abin da aka mayar mini, kuma ba wannan ne ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ni na yi kyautar, Mani ya biya. Ba a tambaye shi ba. Na yi addu'a a kan wannan har na gaji, ban samu amsar da zan iya gaya wa 'ya'yansa ba.

Saratu ta ce in sayar da gawar Ja wa 'yan gwangwan mu huta. Na kai shi har gaban mai sikeli, aka ɗora, na ce a sauke. Ba nawa ba ne da zan sayar. Na yi ta tsintar kayansa ɗaya-ɗaya, karanshaf daga wannan gari, fistin daga wancan, har ya sake tashi. Na kuma zauna na yi tunanin canza dokar, in ce daga yau sai mutumin kirki, sai wanda na sani. Amma duk Lahadin da ake Jibin Ubangiji ana miƙo mini gurasa da ƙoƙo, ni da ƙin Arzika fal a cikina, kuma ba a taɓa tsallake ni an ba na kusa da ni ba. Ranar da na fara zaɓen wanda ya cancanta, injin nan ya zama na biki, gara in kai shi sikeli da gaske. Ban ce muku abin yana da daɗi ba. Ba shi da daɗi.

Na ji ka, Habila, ba sai ka maimaita ba. Bello ɗan Mani ya biyo jiya ya ce injinsa yana tari, kuna so ku ɓoye masa Ja ko da zai mutu masa. Na sani. Tun ranar kasuwar da ta wuce na ji labarin tarin, kafin ku. Ba don mugunta kuka yi ƙaryar ba, shi ya sa ban ɗaga muku murya ba. Amma injin Bello yana aiki, na Nasiru ya mutu, kuma Nasiru ne a gindin dalbejiya.

Ishaku, je ka kira shi. Ka gaya masa da bakinka cewa ƙarya kuka yi, injin lafiyarsa ƙalau. Ku biyun za ku raka shi har Sabiyal. Ku ɗauki katako da kwalbar mai, ku daidaita shi da hannunku, ku ɗura masa ruwa, ku nuna masa wayar. In ubansa ya fito ku gaishe shi kamar yadda ake gaida dattijo. Ban ce ku so shi ba. In aka ba ku albasa, ko guda ɗaya ce, ku bar ta a nan. Mataccen injinsa kuma ku sauke shi ciki, gobe da safe ku za ku buɗe shi, tunda kun ce sana'ar ba wuya.

Miƙo mini jakar Baba da silin wayar nan, ka duba ko akwai sabon ringi a cikin kayan da na kawo. Ni Gehuru za ni. Wancan karon sai da inji ya mutu na je, wannan karon zan riga shi. In gwiwa ta bar ni na sauka ramin, kafin la'asar na kwance shi na mayar. Bello yaron kirki ne, zai tare ni da ruwa, ya karɓi jakata, ya ce sannu da zuwa Malam Bitrus. Haka ya ji ubansa yana kirana.